Sai Ku, Masu Ginin Gilashi a Ƙasar Rana

Yabon gwani ya zama dole. Duk wanda ya zaga manyan makarantunmu a 'yan shekarun nan, daga Sakkwato zuwa Maiduguri, ya ga abin da ake tsayarwa da sunan ɗakin lacca da ɗakin karatu da ofishin shugabanni, ya san akwai mutanen da suka cancanci a miƙe tsaye a gaishe su. Masu zanen gini, injiniyoyi, 'yan kwangila, da manyan da ke sa hannu a takarda, sannunku da aiki, ranku ya daɗe. Kun dubi ƙasar da zafinta ke haura digiri 40 a watannin Maris, Afrilu da Mayu, kuka cika ta da irin gine-ginen da aka ƙirƙiro domin ƙasashen da mutane ke ɗokin ganin rana. Ba kowane namiji ke da wannan ƙarfin hali ba.

Mu fara da fuskar ginin, tunda ita kuka fi ba muhimmanci. Gilashi shuɗi daga ƙasa har sama, gefensa farantan alminiyom masu sheƙi, farfajiya shimfiɗe da siminti har bakin ƙofa. Akwai wata tsohuwar ƙa'ida da ake koya wa ɗaliban zanen gini tun a shekarunsu na farko, wai a ƙasar zafi a sa doguwar fuskar gini ta dubi arewa da kudu, a taƙaita tagogi a gabas da yamma, domin rana tana dukan waɗannan ɓangarori biyu kai tsaye da hantsi da la'asar, lokacin da ta yi ƙasa, ba baranda ko rumfar da ke iya tare ta. Ku kun fi ƙarfin wannan ƙa'ida. Gininku titi yake duba, domin ta titi ayarin manyan baƙi zai zo ranar buɗewa. In titin yana yamma, to gilashin ya dubi yamma. Wace ce rana da za ta gaya wa mai kwangilar miliyoyi inda zai juya gininsa?

Hikimar da ke cikin gilashi kuwa sai wanda ya zauna a bayansa. Haske yana ratsa shi ya shiga, daɓe da kujeru da bango su sha, su mayar da shi zafi, zafin kuma ya rasa hanyar fita. Duk wanda ya taɓa ajiye mota a rana ya rufe gilasai, ya dawo bayan azahar ya kama sitiyari, ya san wannan darasi ba tare da malami ba. A Landan ko Balin suna murna da wannan hali na gilashi a lokacin hunturu, domin yana rage musu kuɗin ɗumama ɗaki. Ku kuma, saboda kishin kada a bar mu a baya, kun kawo wa ɗalibin Gusau da na Damaturu irin gatan da ɗalibin Jamus ke samu, ɗaki mai ɗumama kansa kyauta. Ina wanda zai ce ba a yi mana adalci ba?

Sai tagogi. Magabata sun ɗauka taga abin buɗewa ce, har suka riƙa yin ta biyu suna kallon juna don iska ta shiga nan ta fita can. Ku kun gane cewa wannan ƙauyanci ne. Tagarku ta zamani ko dai a manne take gaba ɗaya, ko kuma irin mai zamewa gefe ce, wadda ko an buɗe ta iyaka rabinta ke buɗuwa. Dalilinku mai ƙarfi ne: ai akwai esi. A takardar zane kowane ɗaki yana da na'urar sanyaya shi, wani biyu, wani shida. Nan ne imaninku ya fi burge ni. Ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200, wadda abin da babban layin wutarta ke iya rabawa bai cika wuce megawat 4,000 zuwa 5,000 ba, ita kuka gina wa makarantun da ba sa zaunuwa sai da wuta. A watan Oktoba na 2024 yawancin jihohin Arewa sun yi fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo musu wuta. Wani mai raunin zuciya da ya ce a sake tunani. Ku ko gezau, zanen da kuka miƙa kafin duhun shi kuka miƙa bayansa.

Kuma Allah ya dubi tawakkalinku, ya kawo wuta ga wasu, da farashinta. A watan Afrilu na 2024 aka ɗaga kuɗin wutar masu layin Band A daga wajen naira 68 zuwa naira 225 a kowane yunit, jami'o'i da asibitocin koyarwa suka shiga kuka, har aka yanke wa wasu wuta saboda bashi. Wannan ma alheri ne da ya biyo ta hannunku. Da can shugaban jami'a yana ɓata lokacinsa kan littattafai da kayan ɗakin gwaje-gwaje da bincike. Yanzu kun sauƙaƙe masa aiki, tunaninsa ya tattaru wuri guda: kuɗin wuta da kuɗin dizal. Idan janareta ya tashi, malami ya ɗaga murya ya yi gasa da shi, huhunsa ya ƙara ƙarfi. Idan dizal ya ƙare, ɗalibai ɗari biyar su mayar da takardun lacca mafici, takardar ta yi amfani biyu. In abin ya faskara a fito da allo gindin bishiya, a zauna ana hango kyakkyawan ginin daga nesa, wanda dama daga nesa ya fi kyau.

Kada 'yan firamare da sakandare su ce an manta da su. Su ba su kai matsayin gilashi ba, amma kun tanadar musu nasu kason. Bulo na siminti mai rami a ciki, siriri, wanda zafi ke ratsawa kafin a tashi tara. Kwano a sama, sau da yawa ba silin, in ma akwai silin to a manne yake da kwanon, ba wata kafar da iska mai zafi za ta fita. Fenti mai duhu a rufi, domin ya fi ɗaukar ido a hoto. Yara saba'in ko ɗari a ajin da aka auna wa arba'in. Kafin a aza tubalin farko kuma, katafila ta zo ta share fili tas, ta tumɓuke darbejiya da tsamiya da maɗacin da suka shekara hamsin suna ba da inuwa, saboda fili mai tsabta shi ne alamar aiki na ƙwararru. Bishiya ba ta cikin takardar kwangila, ba wanda zai biya kuɗin barinta a tsaye.

Wasu masu bincike a Amurka sun bi sakamakon jarrabawar ɗalibai kimanin miliyan 10, suka gano cewa shekarar karatun da ta fi zafi tana rage abin da yaro ke koya, kuma a can esi ne ke share yawancin wannan asara, tunda suna da wutar kunna shi. To, wannan 'ya'yan Amurka ke nan, ba su san wahala ba. Namu kun horar da su. Yaron da ya iya lissafi a ƙarƙashin kwano da ƙarfe ɗaya na rana a watan Afrilu, ga azumi wata shekarar, ga lokacin sanƙarau, ga jarrabawar fita na tafe, ba abin da zai gagare shi a duniya. Wanda ya yi gyangyaɗi kuma malalaci ne, bulala ce maganinsa. Ba a taɓa jin an kira mai zanen aji ya amsa tambaya kan faɗuwa jarrabawa ba, kuma haka ya dace, don kada a tayar wa manya hankali.

Gudummawarku ba ta tsaya a gida ba, duniya ma ta shaida. Gine-gine da aikin gina su suna fitar da fiye da kashi ɗaya cikin uku na hayaƙin kabon da ke fitowa daga amfani da makamashi a duniya. Siminti kaɗai yana da wajen kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na hayaƙin kabon baki ɗaya, domin sai an ƙona dutsen farar ƙasa a zafin da ya kai digiri 1,450, dutsen da kansa yana sakin kabon yayin ƙunar, ga kuma na man da aka ƙona shi da shi. Kowane tan guda na siminti yana barin fiye da rabin tan na wannan hayaƙi a sama. Daga nan tirela ta ɗauko shi ta yi ɗaruruwan kilomita tana shan dizal, ta sauke shi a kan jar ƙasar da, da an so, ita za a gina ajin da ita. A farkon 2024 buhunsa ya haura naira 10,000, amma ba ku karaya ba. Ana yawan cewa Afirka ba ta da wani kaso na a zo a gani a hayaƙin da ke ɗumama duniya. Ku kun ƙudura aniyar share mana wannan abin kunya.

Ta fuskar dokoki ma kun nuna dattaku. A 2017 Ma'aikatar Wuta, Ayyuka da Gidaje ta Tarayya ta ƙaddamar da ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine, wadda ta yi magana kan yawan gilashi a jikin bango, da inuwar tagogi, da abin tare zafi a rufi, da irin fitilu da na'urorin sanyi da ya kamata a sa. A 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya tsaya a taron sauyin yanayi na Gilasgo ya yi alkawarin cewa Nijeriya za ta daidaita hayaƙinta zuwa sifili nan da 2060, a shekarar kuma ya sa hannu a dokar sauyin yanayi. Takardu masu daraja irin waɗannan ba a wulaƙanta su da yawan buɗewa. Kun adana su a inda ƙurar wurin gini ba za ta taɓa su ba. Ajin da kuka gina bana zai kai 2060 yana shan wuta, in bai rushe ba, amma kafin nan wa ya san wanda ke raye?

Babban abin da tarihi zai riƙa tuna ku da shi shi ne 'yantar da mu daga ƙasa. Shekaru ɗaruruwa maginan Hausa suna fama da tubali da azara da makuba, suna ɗaga bango mai kauri, suna ɗaura bakan gizo da ɗaurin guga, suna fitar da ruwa ta indararo. Sun lura cewa bango mai kauri yana shan zafin rana a hankali, kafin zafin ya ratso ciki dare ya yi, iskar dare kuma ta kwashe shi, shi ya sa mai shiga soro da tsakar rana yake jin kamar an yi masa fifita. Amma ina takardar shaidarsu? Babban Gwani Mika'ilu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya wajen shekarun 1830, bai taɓa riƙe kwamfuta ba. Gidan Ɗan Hausa a Kano, na Hanns Vischer wanda ya buɗe makarantar boko a Nassarawa a 1909, na ƙasa ne. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 ta ƙasa ce, kuma dubi irin waɗanda ta fitar: Ahmadu Bello, Abubakar Tafawa Ɓalewa, Kashim Ibrahim, Abubakar Imam. Bayin Allah, da a bayan gilashi suka yi karatu, wa ya san inda za su kai?

Har Turawan da suka zo daga baya ba su kai ku wayewa ba. Maxwell Fry da Jane Drew, da suka zana gine-ginen Jami'ar Ibadan a shekarun 1950, sun ɓata lokaci suna huda bango da ƙananan ramuka don iska ta ratsa ɗakin karatu, rana kuma ta tsaya a waje. Arieh Sharon a Jami'ar Ife ya yi gine-ginen da kowane bene na sama ya fi na ƙasansa faɗi, don ginin ya yi wa kansa inuwa. Duk wannan wahala saboda tsoron rana. Ku da kuka gaji ƙasar, kun nuna musu cewa ɗan gida ba ya tsoron abin gidansu.

Abin tausayi, har yau akwai waɗanda ba su farka ba. Ga Francis Kéré, ɗan ƙauyen Gando a Burkina Faso. Allah ya kai shi har Balin ya yi karatun zanen gini, maimakon ya dawo da gilashi ya nuna ya je Turai, sai ya tara mutanen ƙauyensu suka buga bulon ƙasa da ɗan siminti kaɗan a ciki, suka gina firamare da aka gama a 2001. Kwanon ma bai bari ya zauna a kan ajin ba. Ya yi rufin ƙasa a ciki, ya ɗaga kwanon sama a kan ƙarafan rodi, ya faɗaɗa shi ya zarce bango, don iska ta riƙa wucewa tsakani tana kwashe zafi, ruwan sama kuma kada ya taɓa bangon. Aji ba esi, ba janareta, yara na zaune lafiya. A Kudugu ya sake maimaita laifin a 2016, ya gina sakandare da jan dutsen marmara na yankin, da hasumiyoyin fitar da iska mai zafi. Duniya kuma, da yake ba ta da ido irin naku, ta ba shi kyautar Aga Khan a 2004, ta ƙara masa da Pritzker a 2022, kyauta mafi girma a fagen zanen gini, shi ne ɗan Afirka na farko da ya same ta.

In an ce wannan Burkina ce, to ga 'yar uwarmu Mariam Issoufou a Nijar. A garin Dandaji na jihar Tawa, garin Hausawa, akwai tsohon masallacin ƙasa na gwanin magini Alhaji Falke Barmu, wanda masallacinsa na Yama ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Da ku aka ba aikin, da kwana biyu ya ishi katafila. Ita da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sai suka gyara shi suka mayar da shi ɗakin karatu, suka gina sabon masallaci a gefensa da bulon ƙasa da aka matse da inji, tare da maginan yankin, aka gama a 2018. Kuɗin aikin da yawansa ya zauna a garin, a aljihun masu haƙa ƙasa da masu buga bulo da magina. Ina amfanin aikin da ba a yi odar komai daga Dubai ko Chaina ba?

Na san amsarku, kuma amsa ce mai nauyi: ƙasa tana rushewa da damina, tana son yaɓe duk shekara. Madalla da wannan lura. Gaskiya ne bangon ƙasa da ba shi da tushe na dutse ko kankare, ba shi da rufin da ya zarce shi, ruwa zai ci shi. Su Kéré sun magance wannan da tushe mai tsayi da rufi mai faɗi da ɗan siminti a cikin bulon, amma bai kamata a ɗora muku wahalar zuwa dubawa ba. Naku ginin ai ba ya son gyara. Silin da ya rufto bayan damina biyu, da farantan alminiyom da iskar farkon damina ta yaye, da esin da ya mutu aka bar gawarsa a bango, da gilashin da ya fashe aka toshe da kwali, duk ba gyara suke nema ba, sabuwar kwangila suke jira. Tunda kuma ladan mai zane da mai duba aiki kaso ne na jimillar kuɗin gini, zalunci ne a nemi mutum ya zana abu mai araha. Kowa ya san inda yake samun tuwonsa.

Kwanan nan kun ƙara wa rawaninku tsawo da sola. Sola abu ne mai kyau ƙwarai, tashar megawat 7.1 da aka buɗe a Jami'ar Bayero ta Kano a 2019 ta nuna abin da ranarmu ke iya yi. Ku kuma kun gano mata wani amfanin. A gina ɗaki mai tara zafi, a cika shi da esi, a jera faifan sola goma sha biyu a saman baranda inda mai wucewa zai gani, a rubuta a allon buɗewa cewa gini ne mai kare muhalli. Ranar da gilashi ya shigo da ita a matsayin zafi, ita za a sa faifan sola ya kore ta a matsayin wuta, a biya kuɗi sau biyu a kan rana guda. Mai ƙaramin tunani zai ce a fara hana zafin shiga, sannan ƙaramar sola ta ishi fanka da fitila da kwamfuta. Amma ƙaramar sola ƙaramar kwangila ce.

Yabo ya isa haka, ranku ya daɗe, saura maganar da ba ta son lanƙwasa. Babu mai cewa a bar yara a rumfar zana. Gobarar azuzuwan zana a Yamai a watan Afrilu na 2021 da ta Maraɗi a watan Nuwamba na shekarar, waɗanda kowacce ta ci rayukan ƙananan yara wajen 20 ko fiye, sun isa hujja cewa yaro yana bukatar gini na gaske. Babu kuma mai cewa a daina siminti gaba ɗaya, ko a hana esi a ɗakin gwaje-gwaje da ɗakin kwamfuta. Abin da ake nema sananne ne, kuma yawancinsa ba ya ƙara ko kwabo: a juya ginin ya ba gabas da yamma gajeren gefensa, a yi tagogi masu buɗuwa suna kallon juna, a ɗaga rufi a bar wa zafi mafita, a shafa masa farin fenti, a faɗaɗa baranda, a yi bango mai kauri da ƙasa ko dutsen wurin, a bar bishiyar da aka tarar a kuma dasa wata. Hukumomin da ke ba da kuɗin ginin makarantu, TETFund da UBEC da gwamnatocin jihohi, suna da ikon ƙin amincewa da duk zanen da bai cika waɗannan sharuɗɗa ba. Sassan koyar da zanen gini a jami'o'inmu su kai ɗalibansu wurin Sarkin Magina, su kai su Dandaji. Iyaye da malamai kuma, duk ranar da aka zo buɗe sabon aji a garinku, ku nemi a shiga ciki da ƙarfe biyu na rana, a kashe janareta, a zauna minti talatin tare da wanda ya zana shi da wanda ya biya kuɗinsa. Ajin da babba ya kasa zama a cikinsa rabin awa, haramun ne a tsare yaro a ciki shekara shida.